Surukina Ya Ce Ya Auna, Na Sa Hannu Ban Gani Ba

Gwaggo Shekara,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, ki sa wasiƙar nan a gaba, domin kwana ashirin kacal suka rage mini, kuma abin da ke cina ba na iya buɗe baki in faɗa wa kowa shi sosai. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagewa. In kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka kaina yake yau mako biyu.

Ni ɗan Matameye ne, shekarata ashirin da bakwai. Na karanta ilimin sarrafa sinadarai na fito injiniya, yau wata biyar ke nan da aka ɗauke ni aiki a wata matatar mai. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ba ta yi mini laifin komai ba. Dokokinta a rubuce suke ɓaro-ɓaro, ni ne na taka su. Ina cikin wata shida na gwaji, in na cika su lafiya a tabbatar da ni. Ranar da takardar ɗauka ta iso, mahaifiyata ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ta haihu. Tun daga nan sunana ya ɓace a unguwa, sai Injiniya. Har masu sayar da isansi, wato fetur, a kwalba a hanyar Ɗan Barto suna tsokanata, wai yanzu sun sami ɗan'uwa a bakin rijiya.

To ga inda gizo ke saƙar. Babban ma'aikatan sashen da aka kai ni, wanda duk masu gyara ke ƙarƙashinsa, mahaifin matata Balki ne. A takarda ni ne sama da shi, don ni nake sa hannu. A gida kuwa kin san matsayina. Mutumin Dungu ne, kuma zumuncin gidajenmu ya girmi kowa da ke raye. Ana ba mu labari tun farkon zuwan Faransawa ƙasar Damagaram aka tasa kakansa da kakan mahaifina aikin tilas tare, ɗaya ya goyo ɗaya suka dawo gida. Da na nemi Balki bai ja mini rai ba ko na kwana ɗaya.

Gwaggo, ni irin tarbiyyar da aka yi mini, ban taɓa kiran sunan surukina ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kin ga ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta sunan, sai dai in ce Baba. A gida in na hango shi nakan tuɓe takalmi. A matata doka ta hana tuɓe takalmin aiki, sai in durƙusa haka nan da hular kwano a ka, ma'aikata suna ƙunshe dariya. A rediyon hannu da muke kiran juna dole a ambaci sunan mutum, ni kuwa sai in ce Baba. Yanzu duk sashen kowa Baba yake ce masa a rediyo, har waɗanda suka girme shi.

Kada ki ɗauka mutumin banza ne. Wallahi gwani ne. Ya yi shekara ashirin a ma'adinan arewa yana kula da tukwanen tururi kafin ya dawo nan. Zai tsaya kusa da famfo ya karkata kai, ya ce wannan ba zai kai Juma'a ba, kuma ba zai kai ɗin ba. Abin da na koya a bayansa cikin wata biyar ban koye shi a shekara biyar na jami'a ba. Yana alfahari da ni, in baƙi suka zo sai ya nuna ni ya ce yaron nan nasa ne. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Bari in yi miki bayanin aikin a taƙaice. Duk bututu ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai, kafin a kusance shi da wutar walda sai an zubar da abin da ke ciki, an wanke, an hura iska. Sannan a auna da wata na'ura mai girman wayar hannu, a zura mata ɗan tiyo a ciki, ta nuna ko akwai sauran tururin mai. Dole lambar ta zama sifiri. Dole injiniya ya ga lambar da idonsa, ya rubuta ta a takardar izini, ya sa hannu. Tururin mai ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a kududdufi, kuma hanci ba ya isa shaida, don yakan gaji ya daina ji. Wannan shi ne darasin farko da aka koya mana, kuma na ci shi da maki mai kyau.

Ranar wata Talata da hantsi, mako biyu da suka wuce, aka shirya gyaran wani bututu. Na zo da takarda na tarar da Baba tsaye da mutanensa su shida. Na durƙusa na gaishe shi. Ina kallon ƙasa na ce ko an riga an auna. Ya ce ya auna da kansa, tas yake, in sa hannu mai walda ya fara tun rana ba ta yi zafi ba. Gwaggo, ki gaya mini, da wane baki zan ce wa surukina ya nuna mini? A gaban yaransa? A wurinmu ai ka ce masa maƙaryaci ke nan. Na ɗora takardar a gwiwa na rubuta sifiri, na sa hannu.

Mai waldar sunansa Rabi'u, mutumin Kurni, 'ya'yansa uku. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana Injiniya sai angon Balki. Yana kunna wuta ya kai bakin bututun, sai wani harshen wuta shuɗi ya yi fuu ya fito. Bai wuce ƙiftawar ido ba ya mutu. Ya babbake masa rabin gemu da hannun riga. Rabi'u ya shafa haɓa ya fashe da dariya, wai an hutar da shi zuwa wurin wanzami. Baba ya ce ɗan maiƙo ne ya rage a baki, a ci gaba. Kowa ya yi dariya aka ci gaba, ba wanda ya rubuta komai.

Bayan azahar na tafi ɗakin da ake ajiye na'urorin. Ita wannan na'ura tana riƙe duk awon da aka yi da ita, da rana da lokaci. Na duba ta sashenmu. Babu awo ko ɗaya a ranar. Na koma baya, sai na ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Da can tsofaffin na'urori ake amfani da su, masu babbar allura da ke motsi. Wata uku da suka wuce aka kawo sababbi masu 'yan ƙananan lambobi. Tun daga nan ba a yin awo a sashenmu sai ranar da mataimakin Baba, wani Idrisa, yake bakin aiki. Shi kuwa Idrisa an mai da shi wani sashe watan jiya. Ke nan tun tafiyarsa da hanci Baba yake aunawa. Na sha jin yana cewa sababbin na'urorin nan abin wasan yara ne, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ni dai na rasa gane masa kwanan nan. Kamar girman kai ya shige shi, Allah ya yafe mini. Saƙon waya ma ba ya karantawa, sai ya tara su in Balki ta je gaishe su ta karanta masa. Ran kasuwar Matameye ya wuce kawuna Manu a gab da juna bai ko ɗaga masa hannu ba, har kawu ya yi fushi. Babur ɗinsa da yake ji da shi ya jingine, wai ya gaji da shi. Ko fushi yake da ni ne don an ɗora ni a kansa, oho.

Ba wai ban gwada komai ba. Na ɗan gutsura wa Balki, ta dube ni ta ce Baba ya fara aikin nan tun ba a haife ni ba, kada in zama sanadin zubar masa da mutunci. Na je gida ran hutu na kewaya wa mahaifina zancen, ban kai ƙarshe ba ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ba a jayayya da suruki. Na yi ta maza na tafi gidan Baba da kaina. Na zauna a gefen tabarma, na gaishe shi, na tambayi mutanen Dungu, na tambayi damina, na sake tambayar mutanen Dungu, na tashi na yi sallama. A hanya har hawaye na yi don haushin kaina.

Yanzu ga abin da ke tafe. Nan da kwana ashirin za a yi babban gyara. Za a buɗe wani ƙaton tanki, Rabi'u da wani abokin aikinsa su shiga ciki da wutar walda, ta wata ƙofa da ba ta ɗaukar mutum biyu a tare. A bututu wuta ta sami hanyar fita ta tsaya a gemu. A cikin tanki babu inda za ta fita, su ma babu. Ni ne zan sa hannu, kuma na san Baba zai sake cewa ya auna.

In na kai magana ofis, ana iya sallamar Baba saura shekara biyu ya yi ritaya, a ce surukinsa ne ya kai shi ƙara. Da wane ido zan shiga Dungu? Da wane ido zan dubi Balki? Ni ma ana iya korata, don na rubuta lambar da ban gani ba, ga gwajina saura wata guda. In na yi shiru kuma, to. Har na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar, wani ya sa hannun. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi tunaninsa. Gaba kura baya sayaki. Kullum na haɗu da Rabi'u ya ce angon Balki sai in kawar da kai, ga gemun nan bai gama tsirowa ba.

Gwaggo, ya zan yi?

Naki,
Suruki mai nauyin baki, daga Matameye

AMSAR GWAGGO SHEKARA

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na ture wasiƙu goma sha ɗaya na ɗauko taka, don haka ba zan ɓata lokaci ba. Kwana ashirin da kake ƙirgawa kuskure ne. Gobe ma ana walda a matatar nan. Daga ranar da ka karanta amsar nan, hannunka ba zai sake sauka a kan lambar da idonka bai gani ba, ko bututun bai fi tsinken tsire ba. Wannan ba shawara ba ce da za ka auna, ita ce ƙasan duk abin da zan faɗa.

Ba zan yi wa kunyarka dariya ba. Ni ma har surukina ya koma ga Allah ban taɓa furta sunansa ba, kuma ban yi nadama ba. Iyayenka sun yi maka tarbiyya, Allah ya saka musu. Amma ka kira abin da ka yi ran Talatar nan da sunansa. Ka rubuta shaida a kan abin da ba ka gani ba, kuma ran wani ne a ƙarƙashin shaidar. Ladabi bai kai nan ba. Tururin mai bai san suruki ba, bai san zumuncin kakanni ba. Allah ya yi muku gargaɗi da rabin gemu, ba kowa ake yi wa wannan gata ba.

Yanzu mu koma ga Baba, don ina ganin ka zalunce shi a zuciyarka ba ka sani ba. Koma ka karanta wasiƙarka. Mutum ya daina awo daidai lokacin da aka sauya babbar allura da ƙananan lambobi. Ba ya karanta saƙon waya. Ya wuce kawunka a kasuwa bai gaishe shi ba. Ya jingine babur. Kai injiniya ne, ka haɗa waɗannan huɗun ka ga abin da za su ba ka. Ni ba likita ba ce, amma na rantse ba girman kai nake gani a nan ba. Ina zargin idon Baba ne ke dushewa, kuma tsoro ya hana shi faɗa. Wata biyar kana duban ƙasa a gabansa, shi ya sa ba ka ga yadda yake duban abubuwa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin ana cewa gwani, ga surukinsa yaro an ɗora masa a ka, ga ritaya saura ƙiris, da wuya ya buɗe baki ya ce ba ya ganin lamba. Idrisa ne idonsa, aka ɗauke masa.

Wannan bai wanke shi ba. Ya ce ya auna bai auna ba, kuma ya fi ka sanin abin da hakan ke jawowa. Shi ma kunya ce ta kai shi, irin taka. Ku biyu kuna ta jin nauyin juna, Rabi'u ne a tsakiya da wuta a hannu.

Ga abin da za ka yi. Al'adar da ta ɗaure maka baki ita za ta kwance maka hannu. A ina ka taɓa ganin yaro ya bar babba da kaya a hannu? Kullum da safe ka riga kowa zuwa ka ɗauko na'urar da kanka, ka riƙe masa ita kamar yadda za ka riƙe masa buta. Ka roƙe shi ya nuna maka inda tururi ke laɓewa, don ya fi ka sanin lungunan nan nesa ba kusa ba. Shi ya nuna, kai ka zura tiyo, ka karanta lambar da ƙarfi kowa ya ji. In ya ce ya riga ya auna, ka ce doka ta ce sai idon mai sa hannu ya gani, kuma kana tsoron aikinka. Ba ƙarya ka yi ba, ba ka kuma ce ya yi ba. Sannan ka juya na'urar ka nuna wa mai walda lambar kafin ya kunna wuta. Haƙƙinsa ne, jikinsa ne.

Maganar ido ba taka ba ce, ta Balki ce da mahaifiyarta. Ka daina gutsura wa matarka zance, ka zaunar da ita ka faɗa mata duka, har da tankin da ƙofarsa. Ta ce kada ka zubar wa mahaifinta da mutunci don ba ta san abin da ke jiran mutuncin nasa ba in aka fito da gawa. Su lallaɓa shi su kai shi wurin likitan ido cikin makon nan. Sau da yawa tabarau ne kawai, ko ɗan aikin cire yanar ido, mutum ya koma ganinsa garau.

Saura mai ɗacin. Wutar da ta tashi ran Talata dole ofis ya sani. Ba don a hukunta kowa ba, don wata uku ana aiki a sashenku ba awo na kirki, kuma ba ka san sauran inda aka taɓa ba. Amma kada Baba ya ji a bakin waje. Ka koma wa mahaifinka, wannan karon ba kewaye-kewaye, ka ce masa rai ne a ciki. Shi ko waliyyin aurenka su je su same shi a asirce, babba da babba, su gaya masa za ka kai rahoton kanka, kuma abin da ya fi masa daraja shi ne ku shiga tare ya faɗi nasa da bakinsa. Ka ba wannan kwana uku, kada ya wuce. In ka shiga ofis ka fara da laifinka, ba da nasa ba. Ba zan yi maka alkawarin ba za a taɓa aikinka ba, ban san shugabanninka ba. Abin da na sani shi ne, wanda ya kawo kansa da wanda aka tono ba ɗaya ba ne a idon kowane shugaba mai hankali. In ma aikin ya tafi, takardar karatunka tana nan, ana sake neman aiki.

Zancen ciwon ƙarya kuwa, ka tofar da shi. Wanda zai sa hannu a madadinka shi ma Baba yake ce masa.

Idan duk an yi wannan, ranar tanki ta zo Baba ya tsaya a kan sai ka sa hannu ba awo, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka durƙusa yadda ka saba, ka ajiye alƙalami a ƙasa, ka ɗaga ido ka dube shi karo na farko a rayuwarka, ka ce Baba ba zan iya ba. Zai yi fushi. Wataƙila Dungu ta yi maganarka wata guda, wataƙila shekara. Ana yin sulhu da suruki mai fushi, ɗana, na ga an yi ba sau ɗaya ba.

Kunya dai ba za ka tsere mata ba, zaɓi kawai aka ba ka. Ko ka ji kunyar duban idon surukinka na minti ɗaya, ko ka ji kunyar zuwa Kurni ka tuɓe takalmi a ƙofar gida, ka durƙusa gaban mahaifiyar Rabi'u da 'ya'yansa uku, su tambaye ka wa ya sa hannu.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya ba Baba lafiyar ido, ya bar zumuncinku. Allah ya sa Rabi'u ya fito daga tankin nan da ƙafafunsa, ya ci gaba da kiranka angon Balki har gemun ya yi furfura.

Taka,
Gwaggo Shekara